Zanen Matan Sarauta Na Da: Yadda Tufafi, Lu'ulu'u Da Tsayuwa Ke Shelar Iko

A shekarar 2016 gidajen tarihi na Greenwich da ke Landan suka sayi wani tsohon zanen Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a kan kuɗi sama da fam miliyan 10. Kaso mafi tsoka ya fito ne daga asusun cacar ƙasar da ke tallafa wa kayan tarihi, ragowar kuma daga wata gidauniya da gudummawar dubban jama'a. An yi zanen ne don tunawa da nasarar da Ingila ta samu a kan rundunar jiragen ruwan Sifen a 1588. Wanda ya saba da hoton kyamara in ya tsaya gabansa sai ya rasa inda zai kama. Matar tana da shekara 55 a lokacin, amma fuskar sumul take, babu alamar tsufa. Hannuwan rigar sun kumbura har sun haɗiye jikin, kan kuma kamar an ɗora shi bisa faifai saboda faɗin kwalar leshi. Ta tagogi biyu da ke bayanta ana hango abubuwa biyu da makonni suka raba, kamar a rana ɗaya suka faru.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya zama gazawar mai zane. Irin wannan aiki ya fi kusa da takardar shela: yana faɗin ko wace ce wannan mata, 'yar wane gida ce, me gidan ya mallaka, kuma me yake da'awa. Kamannin fuska yana daga cikin buƙatu, sai dai sau da yawa shi ne na ƙarshe a jeri.

## Matsayi daban, iko daban

Kalmomi biyu ake yawan cakuɗawa. Matsayi shi ne gurbin da al'umma ta ajiye mutum: wa ke gaba da shi, wa ke tashi in ya shigo, wane yadi doka ta yarda ya sa. Iko kuwa shi ne abin da mutum zai iya sawa a yi, kamar sa hannu a takardar mulki, kashe kuɗin baitulmali ko tura runduna. Mace za ta iya kai ƙololuwar matsayi ba ta da ikon sayar da zoben da ke yatsanta, kuma zanen ba zai faɗi haka da kansa ba.

Matan da ake gani a irin waɗannan zane-zane a Turai, daga ƙarni na 15 zuwa na 18, ba ajinsu ɗaya ba. Akwai mai mulki da kanta, irin Elizabeth ta Ingila da Catherine ta Rasha. Akwai matar mai mulki, wadda darajarta ke rataye da aurenta da haihuwarta. Akwai mai riƙon ƙwarya, wadda ke tafiyar da ƙasa kafin ɗanta ya girma ko mijinta ya dawo. Sai 'ya'yan manyan gidaje da na attajirai, waɗanda su ne mafi yawa a bangon gidajen tarihi. Lu'ulu'u ɗaya ne a wuyansu duka, amma abin da yake nufi ya danganta da ajin mai sanye da shi.

## Dalilin yin zanen da yadda ake yin sa

Aure ne babban dalili. Gidajen sarauta na ƙulla aure tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, sai zane ya zama ɗan aike. A watan Maris na 1538 Sarki Henry na Takwas na Ingila ya tura mai zanensa Hans Holbein zuwa Brussels ya zano masa Christina ta Denmark, bazawara 'yar shekara 16. Awa uku kacal ta zauna masa. Da abin da ya ɗauka a wannan ɗan zama ya koma Landan ya fitar da ita a tsaye cikin baƙaƙen kayan takaba, riƙe da safar hannu, kusan babu kayan ado sai zobe. Auren bai yiwu ba. Shekara guda bayan haka Holbein ya zano Anne ta Cleves. Wannan karon an ɗaura aure a Janairun 1540, aka warware shi a Yuli. Sauran dalilai su ne haihuwar magaji, naɗin sarauta, kyauta tsakanin fadoji, da tunawa da wadda ta rasu.

Sanin yadda ake aikin yana warware abubuwa da yawa. Kafin ƙyalle mai kauri ya zama ruwan dare, a kan allon katako ake zanawa. Ana shafe allon da farin alli da aka kwaɓa da danƙon fatar dabba, hawa bayan hawa, a goge shi har ya yi santsi. Fuska ita kaɗai ce ke buƙatar mai ita ta zauna, ita ma sau da yawa a takarda ake fara ɗaukarta. Sai a bi layukan da allura a huhhuda, a ɗora takardar a kan allon, a buga garin gawayi da aka ƙulle a tsumma. In an ɗaga sai ga siffar fuskar ɗigo-ɗigo. Takarda ɗaya tana iya fitar da fuska goma, shi ya sa ake samun zane-zane masu tufafi daban-daban da fuska iri ɗaya sak. Rigar kuma aro ake ba wa shagon, a sanya wa mutum-mutumi ko wata kuyanga, almajiran mai zane su yi makonni suna bin saƙar zare-zare. Wato abin da ya fi cin lokaci da kuɗi a zanen shi ne yadi da kayan ado, domin su ne saƙon.

Launi ma yana da farashi. Shuɗi mafi daraja daga dutsen lapis lazuli ake niƙo shi, dutsen kuma daga duwatsun Badakhshan na Afganistan yake zuwa ta hannun fataken Venice. Saboda tsadarsa har a takardar yarjejeniya akan rubuta irin shuɗin da za a yi amfani da shi. Ja mai zurfi, na rini da na fenti, daga jikin wasu ƙananan ƙwari ake samunsa, kuma bayan Sifen ta mamaye Meziko a shekarun 1520 sai nau'in can ya mamaye kasuwa. Hatta baƙi, in na gaske ne wanda ba ya koɗewa, rini ne mai tsada. Kayan takabar Christina, masu shafin gashin dabba daga ciki, sun fi rigar mai launi da yawa kuɗi.

## Tufafin da doka ta ƙayyade

Mai kallo na yau yana ganin kwalliya ne kawai, amma na wancan zamani yana karanta muƙami, domin doka ce ta raba wa mutane tufafi. Sanarwar da Elizabeth ta fitar a 1574 ta keɓe yadin da aka saƙa da zaren zinariya da gashin wata dabba mai tsada ga matan da ke matakai uku na saman sarauta. Ƙasa da su aka jera wa za ta sa karan-miski, wa za ta sa siliki, gwargwadon muƙamin miji ko kuɗin shigarsa. Sai a 1604 aka soke waɗannan dokoki a Ingila. Biranen Italiya ma suna da irinsu, har da jami'an da ke cin tarar matan da suka wuce iyaka. Don haka rigar zinariya a cikin zane shaida ce da ke cewa doka ta amince da matakin wannan mata, ko kuma gidansu ya isa ya biya tara bai ji a jikinsa ba.

Haka farin gashi mai ɗigon baƙi da ake gani a gefen alkyabbar sarauta. Na wata ƙaramar dabba ce mai kama da tunku, wadda gashinta ke komawa fari a lokacin sanyi, bakin wutsiyarta kaɗai ke zama baƙi. Kowane ɗigo yana tuna wa mai kallo yawan fatun da aka haɗa. An kuma yi imani cewa dabbar ta gwammace mutuwa da ta ɓata jikinta, sai gashin ya zama alamar tsarki bayan ta arziki. Lu'ulu'u ma biyu yake ɗauke da su: kamun kai da dukiya. A wancan zamani ba a noma shi a Turai, yawancinsa sai da wani ya nutsa ƙarƙashin teku ya ɗauko.

## Eleonora da ɗanta

Zanen da Agnolo Bronzino ya yi wa Eleonora ta Toledo wajen 1545, wanda ke gidan tarihi na Uffizi a birnin Florence na Italiya, ya cancanci a tsaya a kansa. Mijinta Cosimo de' Medici ya hau mulkin Florence a 1537 yana ɗan shekara 17, bayan an kashe wanda ya gabace shi, kuma daga ƙaramin reshen gidan ya fito. Kujerarsa na rawa. A 1539 ya auri Eleonora, 'yar wakilin sarkin Sifen a Naples, auren da ya kawo masa kuɗi da kariyar babbar daular zamanin.

A zanen tana zaune, hannunta na dama a kafaɗar ƙaramin yaro, wanda galibin masana suka ce Giovanni ne, ɗanta namiji na biyu. Zaɓen na biyun yana da ma'ana: magaji na nan, ga kuma na bayansa ko da ƙaddara ta faɗa wa na farko. Rigar ta cinye fiye da rabin allon, farin yadi mai nauyi da baƙin zane, an yi masa manyan siffofin rumman da zaren zinariya. Rumman, saboda yawan 'ya'yan cikinsa, alamar haihuwa ne, ita kuwa 'ya'ya goma sha ɗaya ta haifa a rayuwarta. Ragar zinariya mai lu'ulu'u da ke kanta da kafaɗunta salon Sifen ne, yadin kuma irin wanda masaƙan Florence suka shahara da shi, sai jiki ɗaya ya haɗa ƙasar uba da sana'ar garin miji. Shuɗin bayanta na lapis ne, kuma mai zanen ya sassauta shi daidai kewayen kanta har ya zama kamar hasken da ake yi wa waliyyai a zanen coci. Fuskar ba murmushi, ba fushi. A fadojin wancan lokaci rashin nuna abin da ke rai shi ne alamar wanda ya fi ƙarfin a taɓa shi.

An daɗe ana cewa da wannan rigar aka binne ta bayan rasuwarta a 1562. Da aka bincika kayan da aka ciro daga kabarin sai aka ga wata riga ce daban, mai sauƙi. Ba a kuma samu rigar zanen a jerin kayanta da ma'ajin fada ya rubuta ba, abin da ya sa wasu masana ke ganin ƙyallen yadi aka ba Bronzino ya ɗinka rigar da burushi. In haka ne, rigar da ta fi kowace shahara a zanen Italiya ba a taɓa sa ta ba.

## Sarauniyar da ba ta da miji

Matsalar Elizabeth ta bambanta. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, don haka rumman da yaro a gefe ba su da amfani gare ta. Fadarta ta juya rashin auren ya zama kirari: ita budurwa ce da ta auri ƙasarta. Daga nan lu'ulu'u ya yawaita a jikinta, har da wanda ta saya a 1568 daga kayan Sarauniya Mary ta Scotland. A wasu zane-zanen tana riƙe da rariya, ishara ga tatsuniyar Rumawa ta budurwar da ta ɗebo ruwa da rariya bai zube ba don tabbatar da tsarkinta.

A zanen 1588 hannunta na dama yana kan taswirar duniya mai siffar ƙwallo, yatsunta a kan nahiyar Amurka, alhali Ingila ba ta da tabbataccen mazauni a can tukuna. Da'awa ce aka zana kafin a samu abin. Kambi yana gefenta. Ta taga ɗaya jiragen Ingila ne cikin haske, ana tura jiragen wuta zuwa ga abokan gaba. Ta ɗayar kuma jiragen Sifen ne guguwa ke farfasawa a kan duwatsu. Ta ba duhun baya, ta fuskanci hasken. A wani zanen na wajen 1592 tana tsaye a kan taswirar Ingila kanta, ƙafafunta a yankin Oxford. A wani kuma na wajen 1600, tana kusan shekara 67, an ba ta fuskar matashiya, bakan gizo a hannu, mayafinta cike da zanen idanu da kunnuwa, abin da akasari ake fassarawa da cewa babu abin da ke ɓoye mata a ƙasar.

Fuskar ba a bar ta ga ra'ayin kowane mai zane ba. Tun 1563 aka tsara daftarin sanarwa da ke neman a dakatar da zana sarauniya har sai an fitar da samfurin da ta amince da shi, a 1596 kuma majalisarta ta ba da umarni a lalata zane-zanen da ba su dace ba. Nicholas Hilliard, mai yi mata ƙananan zane, ya rubuta cewa ta zaɓi ta zauna masa a fili cikin lambu inda babu inuwa. Dalilin siyasa a bayyane yake: tsohuwar sarauniya marar magaji tana tuna wa kowa rikicin gadon da ke tafe, fuskar da ba ta tsufa kuwa tana ɗage wannan tunani.

## Ranar da riga ta jawo abin kunya

Tun da tufafi ne harshen, kuskure a cikinsu yana da tsada. A baje kolin zane na Faris na 1783, Élisabeth Vigée Le Brun ta nuna Sarauniya Marie Antoinette cikin farar rigar auduga shara-shara da malfar kaba, irin shigar da take yi a gidan hutunta. Jama'a suka ce an zana sarauniyar Faransa da rigar ciki. Ga kuma ƙorafin cewa ta guje wa silikin Lyon, sana'ar da dubban iyalai ke ci da ita. Dole aka sauke zanen, aka maye gurbinsa da wani mai tsayuwa iri ɗaya da fure a hannu, amma cikin rigar siliki da leshi. Bayan badaƙalar 1785, inda 'yan damfara suka karɓi wata sarƙar daimon da sunanta, ta ƙara zubar mata da mutunci, aka sa mai zanen ta yi wani a 1787: sarauniya cikin jan karan-miski, wuyanta babu sarƙa, 'ya'yanta uku kewaye da ita, babban ɗan yana nuna gadon jariri wanda babu kowa ciki, domin ƙaramar 'yar ta rasu a shekarar. Saƙon ya fita sarai, sai dai bai sauya ra'ayin gari ba. An kashe sarauniyar a 1793.

## Ikon wa ake nunawa?

A nan masana suka rabu. Ɓangare ɗaya na ganin cewa mace a waɗannan zane-zane allon talla ce ta gidan uba da na miji. Hujjarsu mafi ƙarfi daga Florence ta ƙarni na 15 take, inda aka daɗe ana zana mata ta gefen fuska, suna kallon gefe, ba su haɗa ido da kowa, bayan maza sun fara juyowa suna fuskantar mai kallo. A can uban amarya ne ke biyan ango maƙudan kuɗi, har gwamnati ta buɗe asusun tara irin wannan kuɗi a 1425. Ango kuma ya yi mata tufafi da kayan ado, amma saɓanin lefe, kayan suna nan a matsayin mallakarsa, yana iya sayar da su bayan 'yan shekaru. Giovanna Tornabuoni, wadda Domenico Ghirlandaio ya zana, ta rasu a 1488 shekara biyu da aure. A rigarta an saƙa harafin farko na sunan mijinta da tambarin gidansu. Ko bayan mutuwa, in ji wannan ɓangare, hatimin gidan miji ne a kafaɗarta.

Ɗaya ɓangaren yana nuna matan da suka riƙe linzamin da kansu. Isabella d'Este ta Mantua, wadda ta tafiyar da mulki lokacin da mijinta ke tsare a Venice a 1509, ta ƙi karɓar zanen da Mantegna ya yi mata don bai yi mata ba, kuma tana kusan shekara 60 ta sa Titian ya zana ta a matsayin matashiya daga wani tsohon zane. Marie de' Medici ta Faransa ta ɗauki Rubens ya yi mata manyan zane 24 tsakanin 1622 da 1625, yawancinsu labarin rayuwarta da riƙon ƙwaryarta. Catherine ta Rasha ta sa aka zana ta bisa farin doki, cikin kakin sojan fada da takobi a hannu, kamar yadda ta fito ranar da ta ƙwace mulki a 1762. Eleonora kanta ta riƙe Florence in mijinta ya yi tafiya, kuma da kuɗinta aka sayi fadar Pitti wajen 1550.

Kowane ɓangare yana da gaskiya a kan misalan da ya zaɓa, kuma abin da ke raba gardama a kowane zane guda shi ne takardu: wa ya ba da aikin, wa ya biya, a wane ɗaki aka rataye shi. Zanen Elizabeth a kan taswira, alal misali, bafadenta Henry Lee ne ya sa aka yi, don haka yana faɗin biyayyar bafade ne gwargwadon yadda yake faɗin ikon sarauniya. Yawan zane kuma ba ya tabbatar da ɗorewar iko. Marie de' Medici ta bar Faransa a 1631 bayan ta sha kaye a rikicinta da ɗanta da wazirinsa, ta rasu a Cologne a 1642.

## A wajen Turai

A daular Mughal ta Indiya matan fada na cikin kulle, maza masu zane ba sa ganinsu, don haka yawancin hotunansu siffar kyakkyawar mace ce ta gama-gari. Nur Jahan, wadda ta auri Sarki Jahangir a 1611, ta fita daban: an buga sunanta a kuɗi, kuma akwai zanen da ake danganta wa Abu'l Hasan da ke nuna ta tsaye da rawani tana ɗura doguwar bindiga. A ƙasar Sin, uwar sarki Cixi ta gayyaci Ba'amurkiya Katharine Carl ta zana ta a 1903, bayan tarzomar 1900 ta zubar da mutuncinta a idon ƙasashen waje, aka aika zanen baje kolin duniya na St. Louis a 1904. Ita ma ba ta son inuwa a fuska. Rawayar riga ta gidan sarauta ce, dogayen farata cikin kube kuma suna cewa wannan hannu bai taɓa aikin ƙarfi ba.

A Benin ta Nijeriya da hauren giwa da tagulla aka yi wannan magana. Oba Esigie, a farkon ƙarni na 16, ya ƙirƙiro wa mahaifiyarsa Idia sarautar Iyoba, aka sassaƙa fuskarta a hauren giwa. A saman kan an jera kawunan Turawan Fotugal, abokan cinikin masarautar, a wuya kuma murjani, wanda sai da izinin Oba ake sa shi.

## Inda ido ke yaudara

Abin da ake gani yau ba lallai shi aka gani a da ba. Jan da aka samo daga ƙwari yana koɗewa da haske. Binciken wani fitaccen zanen Elizabeth na wajen 1575 ya nuna kumatunta sun fi haka ja sosai a farko, ke nan wani kaso na farar fuskar da aka san ta da ita aikin shekaru ne. Wani shuɗi mai araha da ake yi da garin gilashi yana komawa toka-toka, man ƙyallin da ake shafawa a sama yana yin rawaya, wasu allunan kuma an datse gefensu. A zanen da Greenwich ta saya ma, jiragen da ke tagogin an sake zana su fiye da shekara ɗari bayan na asali.

Suna ma yana ruɗarwa, domin sau da yawa magada ne ke rubuta shi daga baya. Wani dogon zane da aka daɗe ana cewa Jane Grey ce, wadda ta yi 'yan kwanaki a gadon sarautar Ingila, a tsakiyar shekarun 1990 aka gane Katherine Parr ce, matar Henry ta shida, saboda abin adon da ta maƙala a ƙirji mai siffar kambi ya dace da wanda aka bayyana a jerin kayan adonta. Kayan adon ne suka faɗi sunan da fuska ta kasa faɗa.

## Waɗanda ke gefen allo

Talakan wancan zamani bai cika ganin waɗannan zane-zane ba, a fada suke. Abin da ya iso gare shi shi ne fuskar a kan kuɗi da kwafin da aka buga a takarda, sai dokar tufafi da harajin da ya biya rigar. Wasu kuma da jikinsu suka biya. Lu'ulu'un da ya cika Turai a ƙarni na 16, da yawansa daga tsibirin Cubagua na gaɓar Venezuela ya fito, inda aka tilasta wa 'yan asalin wurin, daga baya bayi 'yan Afirka, nutso har da yawa suka hallaka. A ƙarni na 17 'yan Afirka suka shiga cikin zanen kansa a matsayin alamar arziki. Van Dyck ya zana Elena Grimaldi a Genoa a 1623, wani baƙin yaro na riƙe mata jar laima. Pierre Mignard ya zana Louise de Kérouaille a 1682, wata ƙaramar baƙar yarinya na miƙa mata murjani da ƙwaryar teku cike da lu'ulu'u. Ba a rubuta sunan yarinyar ba. Gidajen tarihi da dama yanzu suna sake rubuta bayanan da ke jikin irin waɗannan zane don a ambaci mutum na biyun, matakin da wasu ke yaba wa a matsayin cika tarihi, wasu ke ganin an ɗora wa tsohon aiki ma'aunin yau.

Batun mallaka ma ya shafi jama'a kai tsaye. Kuɗin da aka tara a 2016 ya fitar da zanen Elizabeth daga gidan wasu magada zuwa inda kowa zai iya shiga ya gani. Fuskokin Idia na hauren giwa kuwa sojojin Birtaniya ne suka kwashe su a harin da suka kai Benin a 1897. Ɗaya tana gidan tarihi na Birtaniya, wata a New York. Da Nijeriya ta zaɓi wadda ke Birtaniya a matsayin tambarin bikin FESTAC na 1977 ba a samu aron ta asalin ba, sai da aka sassaƙa wata.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai ci karo da ɗaya gefen matsalar. Hotunan Sarauniya Amina ta Zazzau da ke yawo a littattafan makaranta da intanet, bisa doki da takobi, duk ƙirƙirar masu zane ne na zamanin nan. Babu zanenta da aka yi tana raye. Abin da ya riƙe darajarta shi ne ganuwar da ake kira da sunanta, da labarin da aka rubuta daga baya, da kirarin Amina 'yar Bakwa ta san rana. Doki, sulke da siffar fuskar da ake ba ta a yau zaɓin wanda ya zana ne da wanda ya ba shi aikin, kamar dai rigar Eleonora da taswirar da ke ƙarƙashin yatsun Elizabeth.